Kashi Takwas na Baba Ɗanasabe

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau na zauna a kujerar Baba a kamfani. Shekara shida ba wanda ya zauna a kanta, tsofaffin buhuna ake jibgewa. Na sa aka kwashe.

Shekara tara ina dillancin hannun jari a Abuja, na ajiye na dawo Mafara saboda injin casar shinkafa ɗaya da tsoho ɗaya. Abokan aikina sun ce na haukace. Ba su sani ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada wata rana in rikita kaina. Baba da amininsa Ɗanasabe suka kafa kamfanin. Hannun jari dubu ne cif. Ɗari huɗu na Ɗanasabe. Ɗari shida na Baba, da aka raba gado Yaya Lukman ya samu ɗari huɗu, ni ɗari biyu. Yaya yana koyarwa a Gusau, shinkafa ba ta dame shi ba sai a faranti. Jiya ya sa mini hannu a takardar wakilci bai ko karanta ba. Ƙuri'arsa ta dawo hannuna. Kashi sittin cikin ɗari.

Baba Ɗanasabe ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa, rigarsa duk dusa. "Ɗiyata, kin zo lahiya? Ya hanya? Ya mutanen Abuja? Ya haƙurinmu?" Har da ƙwalla. Wai tafiyata irin ta Baba ce.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Ina durƙushe ina tuna lokacin da Inna ke kwance a Sakkwato ana wanke mata ƙoda, na kira shi sau bakwai, ya ce kamfani ba shi da kuɗi. Dubu ɗari biyu ya aiko, da buhun shinkafa biyu. Shinkafa, ga matar da ko ruwa ba ta iya haɗiya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na ce wa Baba Ɗanasabe ya ba ni jadawalin kadara da bashi. Ya yi dariya. "Kadara ga ta kina gani da idonki. Bashi kuwa na san kowa, na san ubanshi."

Littattafan 'yan makaranta goma sha ɗaya ya ɗauko, duk ajami. Manoman Bakura da aka ba taki da iri, wasu tun shekara huɗu, ba takarda, ba shaida. Na tambayi littafin shekarar da Inna ta rasu. Babu. Wai ruwa ya cinye shi.

Ya dube ni ya ce, "Ban ci ba, Farida. Amma ban rubuta ba."

A wajen aikina waɗannan biyun hukuncinsu ɗaya ne.

Talata, 22 ga Afrilu

Na je Gusau na ga Alhaji Umar, ɗan kasuwar da ya daɗe yana zagayen kamfanin. Mun ƙiyasta darajarsa: fili, inji, rumbuna, shinkafar da ke ajiye, a cire bashi. Miliyan sittin. Ke nan kowane hannun jari dubu sittin. Yana so ya shigo, a sayi sabon inji mai fitar da tsakuwa. Baba Ɗanasabe ya ce ba bare a abin da suka gina da marigayi. Banki ma a'a, saboda kuɗin ruwa. Komai a'a.

Da na dawo ya tada maganar rabo. Al'adarsu ce, in an gama girbin rani a zauna a kan tabarma a kasa ribar biyu. Na ce bana ba rabon riba. Ribar za ta zauna a kamfani, a juya ta. Ya ce tun kafuwar wurin ba a taɓa hana rabo ba. Na ce daraktoci ke ba da shawarar rabo, mu uku ne, ni da Yaya biyu.

"Daraktoci," in ji shi, kamar yana tauna wani abu mai ɗaci. "Da can ni da babanki ne kawai."

Lahadi, 4 ga Mayu

An ɗauke Husna. Ɗiyar Baba Ɗanasabe, ungozoma. Tana dawowa daga karɓar haihuwa a Tsibiri, 'yan bindiga suka tare motarsu kafin Maradun. Mutum tara.

Benci ɗaya muka zauna a firamare ni da ita. Tana da 'ya'ya biyu.

Na je jaje. Inna Larai, mahaifiyarta, ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Laraba, 7 ga Mayu

Sun kira. Miliyan ashirin da babura biyu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Baba Ɗanasabe ya zo ofis da safe bai zauna ba. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce a ba shi rabonsa na bana, ko a ranta masa daga asusun kamfani, a cire a gaba.

Na ce kuɗin kamfani ba na darakta ba ne. Kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, aljihunsa daban, namu daban. Gaskiya ce wannan, duk wanda ya yi aji ɗaya a harkar ya sani. Na buɗe jaka na ba shi dubu hamsin, gudummawata. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini addu'a mai tsawo.

Bayan fitarsa na zauna na rubuta takardar kiran babban taron masu hannun jari. Kwana ashirin da ɗaya doka ta ce a bayar, na ba da ashirin da huɗu, kada wani ya ce an yi gaggawa. Abu ɗaya ne a gaban taron: ƙarin jari. Sababbin hannun jari dubu huɗu, kowanne naira dubu goma. Kowa yana da haƙƙin saye gwargwadon abin da yake da shi. Haƙƙinsa dubu ɗaya da ɗari shida, wato miliyan goma sha shida, a biya cikin mako huɗu. Abin da mai shi bai saya ba, daraktoci su sayar wa wanda suka ga dama.

Da na bari sai watan tara yadda na tsara tun farko, da ya sayar da gona ya saya. Yanzu gonar wani wuri za ta.

Ban kitsa a ɗauke ta ba. Kwanan wata kawai na matso da shi.

Litinin, 19 ga Mayu

Ya sayar da gonarsa ta fadama. Shanu goma sha huɗu sun tafi kasuwa ranar Talatar da ta wuce, dillalai sun san halin da yake ciki, sun yi masa cin mutunci a farashi. Inna Larai ta fitar da zinarenta.

Ni ma ina sayarwa. Na umarci dillalina a Abuja ya saki duk hannun jarin da na tara a kasuwa, na bankuna da na siminti. Kasuwa tana sama, na fita da riba mai kyau. Miliyan takwas ɗina sun haɗu. Yaya zai sayar da filinsa na Gusau, na ce masa kawai faɗaɗa kamfani za a yi.

Alhaji Umar ya taya hannun jarin tsohon kai tsaye. Ya ƙi. Wai, "Gona ta tahi, shanu sun tahi, in wanga ya tahi mi za mu ci?"

Litinin, 2 ga Yuni

Taro. Minti goma sha takwas, na duba agogo.

Ni, da shi, da lauya mai rubuta bayanin taro. Ya zo da waya a hannu, yana jiran kiran mutanen daji, kowane motsi sai ya duba. Idonsa ya faɗa. Lauya ya karanta da Turanci, ni na fassara. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na ce za a ƙara jari a sayi inji. Na ce kowa na iya saye. Na ce wanda bai saya ba, nasa na nan ba mai taɓawa.

"Nawa na nan?"

"Ɗari huɗunka na nan, Baba."

"To ku yi abin da kun ka ga ya dace. Ni hankalina ba ya nan."

Ya sa hannu da ajami.

Abu biyu ban fassara ba. Na farko, dubu goma muka sa wa abin da ya kai dubu sittin, don haka wanda bai saya ba darajar nasa ce ke zubewa cikin na waɗanda suka saya. Na biyu, haƙƙin sayen nan shi kansa kadara ne, yana iya sayar wa wani ya karɓi kuɗi. Da ya sani, da Alhaji Umar ya ba shi miliyoyi a ranar, da kuɗin fansar sun cika tun yau. Bai tambaya ba.

A Abuja muna da kalma guda ta wannan. Ma'anarta a surka fura da ruwa. Ƙwaryarka tana nan cike, ba wanda ya kurɓa, furar ce dai ta tsinke.

Juma'a, 6 ga Yuni

Layya. Bai yanka komai ba. Na aika musu cinya.

Laraba, 11 ga Yuni

An sako Husna. Kwana talatin da takwas. Miliyan goma sha uku da babur ɗaya aka tsaya. Gidan babanta na Mafara ne ya cika kuɗin, za su koma Ruwan Gizo wajen dangin Inna Larai.

An ce da ƙafa ta fito har bakin titi, ba takalmi. Ban je ba, kaina ke ciwo.

Litinin, 30 ga Yuni

Ƙarfe huɗu wa'adi ya cika. Na zauna a ofis har huɗu da minti biyar, ƙofa a buɗe, don lauya ya shaida an jira. Shi kuma yana can ɗakin inji yana canza bel, ina jin muryarsa yana yi wa leburori faɗa. Bai ma tuna da ranar ba.

Talata, 1 ga Yuli

Alhaji Umar ya biya miliyan goma sha shida, ya ɗauki kason da tsohon bai saya ba. Hannun jari sun zama dubu biyar. Yaya dubu biyu, Alhaji dubu ɗaya da ɗari shida, ni dubu ɗaya. Baba Ɗanasabe ɗari huɗu.

Kashi takwas.

Abin da ya kai miliyan ashirin da huɗu a watan jiya, yau miliyan takwas ne, in ma ya samu mai saye. Na ci abinci sosai yau.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ya sani. Mijin Husna malamin lissafi ne, shi ya karanta masa takardar.

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye takardar a kan tebur ya shafe ta da tafin hannu.

"Farida, an ce arba'in ɗina ta koma takwas. Ban saida ba, ban ba da kyauta ba, ɓarawo bai shiga ɗakina ba. Ina talatin da biyu ta tahi?"

Na ce ba a ɗauki komai nasa ba, namu ne ya ƙaru. Na ce an ba shi dama kamar kowa. Na nuna masa sa hannunsa.

"Lokacin da ɗiyata ke daji."

"Inna ma tana asibiti lokacin da kamfani ba shi da kuɗi."

Shekara shida ina ajiye da wannan jimlar. Na zaci in ta fita zan ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Sai ya ce shekarar nan ambaliya ta cinye Bakura, manoma ba su biya ko kwano ba, dubu ɗari biyun ma ranto su ya yi. Na ce ya kawo littafin. Ya ce na san babu.

Ya sa hularsa. "Ashe ramuwa ce kin ka zo yi. Da kin hwaɗa mani tun ranar, da ban ɓata miki lokaci da gaisuwa ba."

Asabar, 12 ga Yuli

Yaya ya kira yana ihu. Wai na zubar da mutuncin gidanmu, wai Baba zai tsine mini daga kabari, wai mutumin nan shi ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Na bar shi ya gama. Sannan na ce ya ɗauki biro. Nasa a da miliyan ashirin da huɗu. Ya zuba goma sha shida. Yanzu arba'in. Bai yi asarar ko sisi ba, kuma in sabon inji ya tashi, nan da shekara biyu ninki ne. Na ce in yana so a warware, ya zo ya mayar da nasa, ga takarda.

Ya bar ihun. Sai ya ce, "Amma dai ki riƙa lallaɓa shi."

Shi ke nan tsinuwar Baba.

Litinin, 4 ga Agusta

An sake taro, an cire shi daga daraktoci, Alhaji Umar ya hau. Kashi casa'in da biyu a kan takwas. Na tambaya ko akwai mai adawa, saboda a rubuta. Ya ɗaga hannunsa shi kaɗai. Lauya ya rubuta.

Na karɓi makullan rumbu. Zare ya ɗaure su da shi, kullin ya ƙi kwancewa, sai da aka kawo reza.

Ya roƙi a bar shi ya riƙa duba tsohon inji, ba albashi, don shi kaɗai ya san kukansa. Na ce kamfanin inshora ba ya yarda wanda ba ma'aikaci ba ya shiga ɗakin inji. Ya ce to mai hannun jari fa? Na ce mai hannun jari yana da haƙƙin zuwa taro sau ɗaya a shekara, da haƙƙin karɓar rahoto. Za a aiko masa.

"Da Turanci?"

"Da Turanci."

Alhamis, 7 ga Agusta

Kwana uku ke nan yana zuwa tun daga Ruwan Gizo ya zauna a gindin darbejiyar da ke tsallaken titi. Ba ya magana da kowa. Manoma in sun zo sai sun tsallaka sun gaishe shi kafin su shigo. Na sa mai gadi ya sare reshen da ke ba da inuwa, yana taɓa wayar lantarki.

Yana kusa da taɓawa dai.

Talata, 19 ga Agusta

Na haɗu da Husna a kasuwa, layin masu kayan miya. Da ban gane ta ba. Wuyanta kamar zai karye, tana taka ƙafar hagu a gefe. Ita ta fara gaishe ni, cikakkiyar gaisuwa, har ta tambayi Yaya da iyalinsa. Ta gode da dubu hamsin. Ta gode da naman layya.

Na ce ya jiki. Ta ce da sauƙi, sai dai ba ta iya zama ɗaki in an rufe ƙofa.

Har na juya ta ce, "Farida, ashe sau biyu aka karɓi kuɗin fansata. Su na daji dai ba su taɓa cin tuwon gidanmu ba."

Ba ta jira amsa ba. Ina da amsa kuwa. Ina da ita har yanzu, na tsara ta a mota tsaf.

Na manta tattasan a wajen mai kayan miya, bayan na biya.

Laraba, 3 ga Satumba

Sabon inji ya iso. Shinkafa fara tas, ba tsakuwa ko ɗaya. Wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya sa hannu a kan tirela huɗu duk wata. Duk abin da na lissafa ya fito daidai, har ya ɗan wuce.

Alhaji Umar ya fara maganar a kawo ɗansa ya zama manaja, ni in koma kula da littafi. Ya ce ya yi magana da Yaya. Shi da Yaya kashi saba'in da biyu ne. Ya faɗa yana murmushi, a matsayin shawara.

Sai na sake duba takardar wakilcin nan. Yaya na iya soke ta duk ranar da ya so.

Lahadi, 14 ga Satumba

An ce Baba Ɗanasabe ya faɗi a masallaci bayan azahar. Ɓarin dama ya shanye. Bakinsa ya karkace.

Hawan jini ne. Tun Baba na da rai yake da shi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Inna Larai ta zo. A motar haya, ita kaɗai. Ta ƙi kujera ta zauna a ƙasa. Ba ta ce ɗiyata ba, Hajiya ta ce.

Ta kwance leda uku kafin ta kai ga takardar shaidar hannun jarin, tsohuwar, mai sa hannun Baba a ƙasa. Ta ce likita ya ce a kai shi Sakkwato, a riƙa gasa masa jiki wata uku. Ta ce shi ya yi mata nuni da hannun hagu ta ɗauko. "Ku saye. Ko nawa kun ka ce."

Alhaji Umar ya riga ya ce in sun zo kada in wuce dubu biyar kowanne, ba su da wani mai saye, dokar kamfani ta hana su kai wa bare sai mun ƙi. Miliyan biyu a kan abin miliyan takwas. Takardar cinikin a buge take a aljihun tebur, farashi kawai za a cike. In ni na saya ma ya fi, ina bukatar kowace ƙuri'a yanzu. Na ciro ta. Na cire murfin biro.

Tana ta goge ledar nan a gwiwarta tana ninkewa, ta sake buɗewa ta sake ninkewa.

Na ce mata ba a ciniki yanzu. Na ce an rufe littafin masu hannun jari har sai mai binciken kuɗi ya gama, doka ta hana darakta saye a irin wannan lokaci. Akwai irin wannan ƙa'ida, ga manyan kamfanonin da ke kasuwar Legas. Namu ba ya ciki. Mai binciken ma sai watan ɗaya zai zo.

Ta ce to ya za ta yi.

Na ce akwai kuɗin sallama na tsohon darakta da ba a biya shi ba, haƙƙinsa ne, mantawa aka yi. Miliyan biyu da rabi. Babu wannan a dokar kamfaninmu, ni na rubuta ta, na sani. Daga asusuna na tura wa mijin Husna. Na sa ta dangwala yatsa a wata takarda don abin ya yi kama da na ofis, tana fita na yaga.

Ba ta gode ba. Ta mayar da takardar cikin leda uku, ta ɗaure a bakin zane, ta ce, "A gaida gida."

Alhaji Umar ya kira sau huɗu ban ɗauka ba. Gobe zan ce masa tsohuwar ce ta raina farashin.

Ba wani abu ba ne. Farashin zai ƙara sauka in an jira, kowane dillali ya san wannan. Jira nake yi.

Na tambayi direba ko hanyar Ruwan Gizo tana biyuwa da ruwan nan. Saboda manoman can na tambaya.